ICCEN DA AKA DASA DA ICCEN DA YA TOHO DA KANSA

Jawabin da malamin lakol ɗin garinmu ya yi a babban taron ƙungiya na kafin sassabe. Mun buga shi duka domin waɗanda ba su samu zuwa ba, da 'yan uwanmu da ke ci-rani.



  

Kun san abin da ya tara mu. Akwai ɗan kuɗi cikin asusun ƙungiya, kuma shawara ta rabu biyu a kansa. Wasu sun ce a sayi waya a kewaye fili a bakin gari, a sayo 'ya'yan itatuwa a dasa, a samu dajin gari. Wasu sun ce a bar batun waya, kowa ya reni itatuwan da ke tohowa cikin gonarsa, a kafa komitin da zai tsare su. Shugabannin ƙungiya suka ce mu malaman lakol mu tattaro abin da aka sani game da hanyoyin nan biyu, mu kawo gaban jama'a. Ga abin da muka samu. Yanke shawara kuwa naku ne, amma ya kamata a yanke ta yau, domin gatari ya kusa shiga gona, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

1. YADDA DAJI YA ƘARE

Dattawan da ke zaune nan sun fi mu sanin yadda ƙasar Tasawa da ta Mayahi take a da. Tsakanin gari da gari akwai daji, akwai saura da ake bari ta huta shekaru, kuma Gulbin Kaba cike yake da goriba. Abubuwa huɗu suka taru suka ci wannan daji.

Na ɗaya, mutane sun ƙaru, gonaki suka haɗe, saura ta ɓace. Na biyu, noman gyaɗa da garmar shanu: an riƙa koya wa manomi cewa gona mai kyau ita ce wadda aka tumɓuke kututturanta duka, don garma ta wuce ba tuntuɓe. Na uku, fari: na 1973 da 1974, sannan na 1984, wanda ya kawo yunwar da muke kira El Buhari. Itatuwa da yawa sun bushe a tsaye, waɗanda suka rage kuma talaka ya sare ya sayar don ya ci.

Na huɗu shi ne doka, kuma shi ne wanda ba a cika faɗi ba. Dokar daji ta Turawan Faransa ta 1935, da dokarmu ta 1974 da ta gaje ta, sun sa itatuwa masu daraja, irin su gawo, ƙarƙashin tsaron gwamnati ko da a tsakiyar gonar mutum suke. Wanda ya sare reshe ba takarda yana iya shan tara. Niyyar dokar tsare icce ce. Amma manomi ya yi nasa lissafi: iccen da zan rena, ya girma, a hana ni taɓa shi, gara in kashe shi tun yana ƙarami, kafin kowa ya gan shi.

Sakamakon kowa ya gani. Iskar farkon damana tana tasowa ba abin da zai tare ta, rairayi ya binne hatsi ko ya yanke shi yana ɗan tsiro, mutum ya yi shuka sau biyu, sau uku. Mata suka koma girki da kara da kashin shanu, abubuwan da ya kamata su zauna cikin gona su zama taki.

2. ZAMANIN DASHE

Da aka ga hamada na matsowa, maganin da ya fara zuwa wa kowa shi ne dashe. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen icce a ƙasarmu. A watan Mayu na 1984 an yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, aka ɗauki alkawarin ƙara dashe a gari da lakol da masallaci da kasuwa. Foroje-foroje suka buɗe wuraren renon itatuwa, suka kafa dajin gari a ƙauyuka masu yawa. Itatuwan da aka fi dasawa baƙi ne: bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, asalinsa ƙasar Indiya, da turare, asalinsa Ostiraliya.

An yi aiki, an zuba kuɗi. An ƙiyasta cewa cikin shekara 12 na wancan zamani an dasa itatuwa kusan miliyan 60 a Nijar, kuma fiye da rabinsu ba su rayu ba.

Me ya kashe su? Mu dubi ɗan iccen da aka rena cikin leda. Saiwarsa ba ta wuce taki ɗaya ba. An dasa shi a Agusta, ruwa ya ɗauke a ƙarshen Satumba. Daga nan sai ya yi wata takwas ko tara yana jiran ruwa cikin rairayi mai zafi. Gara na jiransa a ƙasa, akuya na jiransa a sama. In ba wanda zai ɗauko tulu daga rijiya mai gaba ashirin ko talatin ya ba shi, to kwanansa ƙidayayye ne.

Akwai kuma tambayar da ba a amsa ba: dajin gari na wa ne? Filin an karɓe shi daga hannun wani. Aikin gayya aka yi. Ranar sara ba wanda ya san rabonsa. Shi ya sa a wurare da dama mutane suka riƙa ce masa dajin gwamnati, ko dajin foroje. Ranar da foroje ya tashi, mai gadi ya daina samun albashi, waya ta fara ɓacewa, awaki suka shiga. Ko babban dajin bedi da aka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965, gine-gine sun ci babban ɓangarensa.

3. DAJIN DA KE ƘARƘASHIN ƘASA

A 1981 wani masanin noma ɗan Ostiraliya mai suna Tony Rinaudo ya zo Maraɗi yana aiki da mishan ta SIM. Shi ma dashe ya fara yi, yawancin abin da ya dasa yana mutuwa. A 1983, yana kan hanyar ƙauye, ya tsaya rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi, sai ya lura da wani ɗan kurmi a bakin hanya. Da ya dubi ganyen, ya gane icce ne da aka sare, kututturen yana da rai, yana tohowa. Irin wannan toho ne muke sassabewa kowace bazara mu tara mu ƙone. Ƙarƙashin kowane ɗaya akwai saiwa mai shekaru, wadda ta riga ta kai ga laima. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Ya fara da manoma kaɗan: a bar kututture, a zaɓi rassa masu ƙarfi a rena, a sare sauran. Maƙwabta suka yi musu dariya, suka ce gonarsu ƙazama ce. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa aikin da rabon abinci a garuruwa kusan 100 na jihar Maraɗi, aka reni itatuwa wajen 500,000. Da rabon abinci ya ƙare, kimanin kashi biyu cikin uku na itatuwan nan aka sare su. Mu riƙe wannan darasi: abin da mutum ya yi don buhun abinci, yana barin sa ranar da buhu ya ƙare. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga hatsinsu bai ragu ba, ga itacen wuta a kusa, ga sanduna na sayarwa. Gani ya kori ji. Daga gona zuwa gona, daga kasuwa zuwa kasuwa, abin ya yaɗu. Shi ne muke kira sassaben zamani.

Kada mu ce baƙo ne ya koya wa Bahaushe darajar icce. A ƙasar Damagaram, wajen Matamaye da Magarya da Mirya, manoma sun daɗe suna renon gawo cikin gona, kuma tarihi ya riƙe cewa sarakunan Damagaram na da sun yi hukunci mai tsanani ga mai saran gawo. Abin da ya faru bayan 1984 shi ne tsohuwar dabara ta samu sabon ƙarfi, a lokacin da mutane suka rasa wata mafita.

Doka ma ta sauya. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 sun ƙara wa manomi iko kan abin da ke cikin gonarsa. Ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan sassaben zamani, wadda ta amince cewa wanda ya reni icce a gonarsa shi ke da haƙƙin morarsa bisa ƙa'ida.

4. ABIN DA AKA GANI DAGA SAMA

Shekaru kusan ashirin abin yana tafiya ba wanda ya auna girmansa. Daga 2004 zuwa 2009 wasu masana, cikinsu akwai Mahamane Larwanou ɗan ƙasarmu, da Chris Reij ɗan Holan, da Gray Tappan ɗan Amurka, suka gwada tsofaffin hotunan jirgin sama na 1975 da sababbin hotunan tauraron ɗan adam, suka kuma bi gonaki da ƙafa. Suka ƙiyasta cewa a kudancin Nijar, galibi jihohin Maraɗi da Damagaram, manoma sun maido da itatuwa a kan hekta kusan miliyan 5.

Bari mu yi lissafi irin na 'yan lakol. Hekta fili ne mai mita 100 tsawo, mita 100 faɗi. In kowace hekta tana da icce 40, hekta miliyan 5 sau 40 ya ba mu icce miliyan 200. Wannan shi ne adadin da masanan suka bayar. Ku aza shi kusa da miliyan 60 da aka dasa, fiye da rabi suka mutu. Miliyan 200 ɗin nan ba leda, ba waya, ba motar ɗaukar ruwa. Masanan sun kuma ƙiyasta ƙarin hatsi kusan ton 500,000 a shekara saboda itatuwan. Ƙiyasi ne, ba awon mudu ba, amma ko an rage masa rabi abu ne babba.

Misali mafi kusa da mu shi ne Ɗan Saga, a ƙasar Agye, maƙwabtanmu na yamma. Da taimakon forojen FIDA, mutanen garin sun kafa komitin tsaron itatuwa, maza da mata da makiyaya a ciki, da dokoki da tara da kowa ya yarda da su. A wahalar abinci ta 2005, masu bincike sun lura cewa gidajen da ke da itatuwa a wannan yanki sun fi jurewa, domin sun sayar da itace sun sayi hatsi, dabbobinsu kuma sun samu ganye.

A 2018 Tony Rinaudo ya samu babbar lambar yabo ta duniya a ƙasar Suwidin, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya raya fako da ramukan tassa. Amma aikin da aka yaba, hannun manoman Maraɗi da Damagaram ne ya yi shi.

5. MU AUNA SU BIYU

Wajen kuɗi: dajin dashe yana son iri, leda, ruwa, jigila, rami, waya da mai gadi. Sassaben zamani yana son adda mai kaifi da ido.

Wajen sauri: ɗan dashe sai ya gina saiwa tukuna. Tohon kututture ya tarar da saiwa a shirye, shi ya sa cikin shekara biyu ko uku yake fin mutum tsawo.

Wajen fili: dajin gari yana cin gonar wani. A ƙasar da magada ke raba gonar uba har ta koma ɗan tsiri, wa zai ba da hekta biyu? Iccen sassabe yana zaune tare da hatsi da wake a gona ɗaya.

Wajen ƙasa: turare yana shan ruwa da yawa, ganyensa ba ya ruɓewa da wuri, dabba ba ta cinsa, hatsi ba ya son zama kusa da shi. Gawo kuwa yana zubar da ganye da damana, lokacin da hatsi ke son rana da taki, ya yi ganye da rani, lokacin da dabba ke son inuwa, ga 'ya'yansa abincin tumaki. Kowa ya san zangarniyar gindin gawo. Kalgo da sabara suna tare rairayi da ganyen da iska ke ɗauke da shi, su tara shi a gindinsu. A ƙasar Senegal masana sun nuna, cikin binciken da aka buga a 2018, cewa sabara tana jawo ruwa daga ƙasa mai zurfi da dare, ta sake shi kusa da sama, hatsin da ke gefenta ya sha. Sabarar da muke ƙonewa ke nan.

Wajen amfani: dajin turare yana ba da abu ɗaya, sanda. Gonar sassabe tana ba da itacen wuta, dirka da ƙotar hauya, ganyen dabbobi, magani, aduwa, magarya, anza ta ranar wuya.

6. INDA DASHE YA FI

Kada a fita daga nan a ce malamai sun hana dashe. Inuwar da muke zaune ƙarƙashinta a kasuwar Tasawa da bakin titunan Maraɗi ta bedi ce, kuma wani ne ya dasa. A kwarin Majiya, ƙasar Buza, tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan daji suka dasa layukan bedi bibbiyu, tsakanin layi da layi mita 100, don tare iska. An auna, aka ga hatsin da ke tsakanin layukan ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Me ya sa na Majiya ya rayu? Ruwa yana kusa a kwarin, an sa masu gadi shekarun farko, kuma manoma sun ga amfanin a rumbunsu.

Dashe ya zama dole a wuri huɗu. Inda fako ne, ba kututture ba iri, sai an yi tassa ko rabin wata an sa iri ko ɗan icce. Inda tudun rairayi ke tafiya zai binne gari ko rijiya. Cikin gari: gida, lakol, masallaci, kasuwa, maƙabarta. Sannan inda wani irin icce ya ɓace sam. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin sassaben zamani ba ya maido da abin da ba shi a ƙasa. Ku duba gonakinmu: sabara, kalgo, geza, taramniya, gawo, aduwa, su ne suka fi yawa. Ina kirya? Ina ɗanya, marke, kanya, tsamiya? A gonaki da yawa kututturansu sun mutu tuni. In muna son jikokinmu su san su, sai mun dasa.

7. ABIN DA DUNIYA KE CEWA

Gardamar da muke yi yau ana yin ta a dukan ƙasashe masu zafi. Saboda ɗumamar yanayi, ƙasashe sun yi alkawari tun 2011 a birnin Bon na Jamus cewa za su raya ƙasar da ta lalace, har aka sa burin hekta miliyan 350 kafin 2030. A 2019 wasu masana suka duba alkawuran ƙasashe masu zafi, suka ga kusan rabin filin, kashi 45 cikin 100, gonakin icce iri ɗaya ne za a dasa don kasuwa, irin su turare. Suka lissafa cewa dajin da ya tashi da kansa yana riƙe iskar karbon, wadda ke ɗumama duniya, kusan sau 40 fiye da irin waɗannan gonaki, domin su ana sare su bayan 'yan shekaru. Wani bincike na 2021, a wurare 77 na nahiyar Amurka da Afirka ta Yamma, ya nuna cewa gonar da aka bari ta koma daji da kanta tana maido da kusan kashi 78 cikin 100 na halin tsohon daji cikin shekara 20. Wani kuma na 2024 ya ƙiyasta hekta miliyan 215 a ƙasashe masu zafi inda daji zai iya tashi da kansa in an bar shi. Ƙasar Nijar dukanta ba ta kai hekta miliyan 127 ba.

Mu lura da abu guda: yawancin waɗannan wurare suna samun ruwa ninkin namu sau uku ko huɗu, kuma su daji suke magana, mu gona muke magana. A ƙasarmu in ka bar toho kawai ba ka gyara shi ba, kurmi zai zauna, akuya da gatari ba za su bar shi ya tashi ba. Namu daji ne mai son hannu.

Kun ji labarin Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti. Da farko layin dashe aka yi niyya. Rahoton 2020 ya nuna hekta kusan miliyan 4 aka raya cikin yankin ganuwar, alhali burin miliyan 100 ne. Manomanmu da addarsu sun wuce wannan adadi. Shi ya sa masu tafiyar da shirin suka sa sassaben zamani cikin manyan hanyoyinsu.

8. WAHALOLIN DA KE CIKI

Ba za mu ɓoye muku ba, akwai wahala.

Ta farko sata. Mutum ya reni icce shekara uku, wani ya zo da dare ya sare. In haka ta faru sau biyu, mai gona zai ce gara ya sare abinsa da kansa. Wannan shi ke kashe sassaben zamani, kuma mutum ɗaya ba ya maganinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ta biyu, iyayenmu mata. Su ke neman itacen girki. In aka tsare kowane icce ba a ba su rassan da aka rage ba, mun ɗora musu wahala, kuma dokar ba za ta kwana biyu ba.

Ta uku, makiyaya. Wasu na ganin su ne abokan gābar icce. Mu tuna cewa irin gawo da na aduwa da na bagaruwa cikin kashin dabbobi yake zuwa gona, kuma irin gawo da ya bi cikin dabba ya fi saurin tsirowa. Abin da ake so shi ne a yarda kan yadda ake sassako ganye ba a kashe icce ba, kuma a bar burtali a buɗe.

Ta huɗu, gonar aro da ta jingina. Mai aro yana tsoron ya rena a karɓe. Mai gona yana tsoron icce ya zama hujjar mallaka. Sai an yi magana gaban shaidu tun farko.

Ta biyar, tsoron inuwa da tsuntsaye. Maganin inuwa aski ne a kan kari. Tsuntsaye kuwa, akwai masu cin hatsi, akwai masu cin tsutsa da fara. Mai gona ya lura, ya rage inda suka yi yawa.

Ta shida, kaba. Kaba da goriba icce ɗaya ne: kaba ƙuruciya, goriba girma. In ana yankan ganyen kullum har cikin zuciya don tabarma da igiya, ba zai taɓa tashi ba. A Gulbin Kaba manoman da suka bar ƙafa ɗaya ko biyu cikin kowane kurmin kaba sun sake samun goriba a gonarsu, mata kuma ba su rasa ganye ba.

9. YADDA AKE YI

Kafin ka sa gatari, zagaya gonarka ka ga abin da ke tohowa. Zaɓi kututturan da za ka bari, a warwatse, kamar taku goma sha biyar tsakaninsu. Wannan zai ba ka wajen 40 a hekta. A kowane kututture bar rassa biyu zuwa biyar, mafi ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran. Rassan da ka bari, ka aske musu ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsawonsu. Kada ka bar su da ɗan tukku kawai, iska za ta karya su. Adda ta yi kaifi, sara daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya yage. Ɗaura tsumma a jiki don kowa ya san da mai shi. Ganyen da ya zuba ka bar shi a ƙasa, kada ka ƙone. Ka koma bayan wata uku ko huɗu ka sake aski. Daga shekara ta biyu ko ta uku kana iya sare reshe ɗaya kowace shekara, ka bar sabon toho ya maye gurbinsa. Ranar noma, a gaya wa yara da 'yan ƙwadago su kauce wa ɗan gawon da ya tsiro. Manyan itatuwan da doka ta tsare, a nemi ma'aikacin daji kafin a kayar da su.

10. SHAWARARMU

Ga abin da muke kawowa gaban taro.

Ɗaya: kowane maigida ya yi sassaben zamani bana, ko a gona ɗaya ce.

Biyu: a kafa komitin tsaro yau, da dattawa, mata, samari, da wakilan Fulani da Buzaye da ke kiwo a ƙasarmu. A rubuta dokokin da tarar, maigari ya sa hannu, a kai kwafi ga komitin ƙasa na gari da ma'aikatar daji da magajin gari, don doka ta samu gindi.

Uku: rassan da aka rage daga aski, kashin farko na matan gidan ne.

Huɗu: kada a sayi wayar kewaye babban fili. A ɗauki kaɗan daga kuɗin a yi ƙaramin wurin reno kusa da rijiyar lakol, don kirya, ɗanya, kuka, tsamiya, zogala da magarya mai aure. Kowane ɗan icce da zai fita daga nan, sai an rubuta sunan mai shi da inda za a dasa shi, kuma ya nuna ƙayar da zai kewaye shi da ita.

Biyar: sauran kuɗin ya zauna don aikin komiti, da kuɗin mota na mutum biyar, maza da mata, su je Ɗan Saga su gani da idonsu su dawo su ba mu labari.

Shida: 'yan manyan azuzuwan lakol za su ƙidaya itatuwan gonakin iyayensu bana, iri-iri, mu rubuta cikin littafi. Baɗi war haka mu sake ƙidaya, mu karanta muku a wannan wuri. Ranar 3 ga Agusta kuma, kafin a dasa sabo, a fara ƙidaya na bara da suka rayu.

Iyayenmu, 'yan uwa, abin da muka gano cikin duk wannan bincike guda ne. Icce yana rayuwa ne in yana da saiwa a ƙasa, yana da mai shi a gari. Saiwar tana nan cikin gonakinmu. Saura mu yarda a tsakaninmu cewa wanda ya rena shi zai mora, kuma duk gari zai tsaya masa.

 Wanda ke da tambaya ko gyara, fili nasa ne, musamman dattawa da suka ga dajin da mu ba mu gani ba. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu daga fari da fara, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.